Tsofaffin finafinan kaboyi masu ban tsoro: me ya sa darensu yake kama da rana?

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masana tsofaffin finafinai. Akwai wasu finafinan kaboyi na shekarun 1950 zuwa 1970 da ake cusa musu dodo, ko fatalwa, ko gawa mai tashi tana shan jinin mutane. Me ya haɗa kaboyi da ban tsoro tun farko, alhali wannan harkar doki ce da bindiga a filin Allah, wancan kuma harkar duhu da maƙabarta? Sannan me ya sa a yawancinsu za a ce dare ne, amma ga inuwar mutum ɓaro-ɓaro a ƙasa, ga gajimare fari fat a sama? Rashin iya aiki ne ko ganganci? Na ƙarshe, da wanne ya kamata mutum ya fara, kuma wane irin kwafi zai nema? Waɗanda ke yawo a YouTube wasu sun yi duhu har ba a gane fuska, wasu kuma sun koma ja-ja. Na gode.

Mai Majigi ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka ta farko da ta biyu amsarsu ɗaya ce: kuɗi.

Kaboyi shi ne fim mafi araha da ake iya ɗauka a kewayen Los Angeles a wancan lokaci. Akwai garuruwan kaboyi da aka riga aka gina, ana ba da hayarsu kullum, irin su Corriganville a Simi Valley da filin Iverson a Chatsworth. Akwai titi, mashaya, ofishin ɗan sanda, coci, har da bakin ramin haƙar ma'adinai. In kogo ake so, ga na Bronson a cikin Griffith Park, tsohon wurin fasa dutse ne. Doki, sirdi, keken doki, malafa da bindiga duk na haya ne. Harsashin ma na ƙarya ne iri ɗaya da ke shiga bindigogi daban-daban, ba sai an sayi kowace da nata ba. To a shekarun 1950 talabijin ta ƙwace wannan kasuwa. A 1959 shirye-shiryen kaboyi fiye da 20 ake nunawa a tashoshin Amurka da daddare, kyauta, saboda haka ba wanda zai yanki tikiti don ganin ƙaramin kaboyi. A daidai lokacin ne ban tsoro ya dawo da ƙarfinsa: a 1957 kamfanin Screen Gems ya sayar wa tashoshi tsofaffin finafinan ban tsoro guda 52 na kamfanin Universal, kamfanin Hammer na Ingila ya fito da nasa masu kala, silimun da ake kallo daga cikin mota kuma sun haura 4,000 a 1958, matasa sun cika su. Furodusa ya duba, ga kayan kaboyi a banza, ga 'yan kallon dodo da kuɗi a hannu. Shi ke nan.

Matsalar ita ce kaboyi don rana aka yi shi, ban tsoro kuma dare yake so, dare kuwa shi ne abu mafi tsada a ɗaukar fim. Ga lissafin. Shafi ɗaya na rubutun fim yana ba da kusan minti ɗaya. Fim na minti 75 a kwana 8 yana nufin shafi 9 zuwa 10 kullum, alhali manyan kamfanoni shafi 2 ko 3 suke ɗauka. Zaren fim mai faɗin milimita 35 yana cin ƙafa 90 a minti ɗaya, naɗin ƙafa 1,000 minti 11 ne kacal, don haka ba a maimaita ɗauka sai dole. A irin wannan gudun, wa zai tsaya jawo janareto da manyan fitilu da igiyoyin wuta zuwa daji, ya biya ma'aikata kuɗin ƙarin lokaci, ya kuma sa doki sukuwa a duhu a kan duwatsu? Sai a ɗauki dare da rana tsaka.

Yadda ake yi in an bi ƙa'ida: a rage hasken da ke shiga kyamara da mataki ɗaya da rabi zuwa biyu. A baƙi-da-fari, a sa jan gilashi a gaban idon kyamara, shi zai mayar da shuɗin sama ya yi baƙi. Sai dai jan gilashi yana ɗashe leɓe da fuska, dole mai kwalliya ya sa wa 'yan wasa jan-baki mai duhu sosai, ko a haɗa ja da kore don fata ta daidaita. A mai kala kuwa, a ɗauko fim ɗin da aka yi don hasken fitila a yi aiki da shi a rana ba tare da gilashin gyara ruwan lemo ba, komai zai yi shuɗi-shuɗi. A ajiye rana a bayan ɗan wasa ko a gefensa, don hasken ya zagaye kafaɗa da malafa kamar farin wata. A kauce wa sama gaba ɗaya, a ɗaga kyamara ta kalli ƙasa, ko a sa dutse ko bishiya a baya.

Inda ake faɗuwa kuma sananne ne. Gajimare ba ya yin duhu ko da wane gilashi aka sa, yana shiga hoto asiri ya tonu. Rana in ta take tsaka inuwa takan taru a ƙarƙashin ƙafa, gajeriya baƙa ƙirin, ga malafa ta rufe ido. Fitilar kwai ko wutar itace da ya kamata ta haska wuri sai ta zama ɗan ɗigo, don ba ta iya gogayya da rana. Taga ma haka, sai an sa fitila mai ƙarfi a cikin ɗaki kafin ta nuna haske, wannan kuma kuɗi ne. Darakta mai shafi 10 a gabansa ba zai jira rana ta karkata ba. Sun san ƙa'idar sarai, lokacin bin ta ne babu.

Baban Ummi ya rubuta:

Malam Mai Majigi ya gama magana a kan dare, sai ƙari ɗaya. Zaren fim mai kala na kamfanin Eastman Kodak da ya fito a 1962 ƙarfin kama haskensa 50 ne a ma'aunin ASA, baƙi-da-fari na Double-X na 1959 kuwa 200 zuwa 250. Wato mai kala yana buƙatar haske ninki huɗu. Shi ya sa na baƙi-da-fari suka fi iya shiga dare na gaske, suka kuma fi kyan gani har yau.

A fara da Curse of the Undead na 1959, Malam Ɗan Fagge. Universal ne suka yi shi, Edward Dein ya ba da umarni, shi da matarsa Mildred suka rubuta, minti 79, baƙi-da-fari. Michael Pate ne ɗan bindigar haya mai baƙaƙen kaya, Drake Robey, Eric Fleming na shirin Rawhide kuma shi ne mai wa'azin garin. Abin da ya ɗaga shi sama da sauran shi ne marubutan sun zauna sun warware matsalar rana a cikin labarin kansa. Robey ba cizonsa aka yi ba. Ya kashe ɗan'uwansa ne, ya kashe kansa, shi ya sa kabari ya ƙi riƙe shi. Ba ya rikiɗa jemage, ka ga an huta da jemagen roba. Rana tana damun idonsa amma ba ta ƙona shi, don haka ana iya ɗaukarsa da rana ba tare da an yi wa kowa ƙarya ba. Sannan sun gane inda nau'in biyu suke haɗuwa: ɗan bindigar da harsashi ba ya kashewa ba ya buƙatar saurin zaro bindiga. Yana barin abokin karawa ya fara harbi, sannan ya harbe shi a natse. Ƙarshensa ma da bindiga aka yi, da harsashin da aka maƙala wa ɗan ƙaramin gicciye. Ba wata dabarar kyamara mai tsada a ciki, inuwa ce kawai da kiɗan theremin, na'urar nan mai kuka kamar iska.

Bayan shi sai tagwayen 1966, Billy the Kid Versus Dracula da Jesse James Meets Frankenstein's Daughter. William Beaudine ya ɗauke su, kowanne a kwana 8, a Corriganville, kamfanin Embassy ya sake su a tikiti ɗaya. Beaudine tun 1915 yake ba da umarni, waɗannan ne finafinansa na silima na ƙarshe. Salon aikinsa shi ne ya tace fim a kansa tun kafin ya ɗauka, ba ya ɗaukar kusurwar da ya san ba za a yi amfani da ita ba. Amfanin haka sauri. Illarsa, in abu ya lalace mai tacewa ba shi da wani hoto da zai rufe ɓarakar.

A lura da sunayen ma, duk na kyauta ne. Billy the Kid da Jesse James mutane ne na gaske, shahararrun 'yan bindigar Amurka, Billy an kashe shi a 1881, Jesse James a 1882, littattafan Dracula da Frankenstein kuma sun fita daga hannun masu haƙƙi. Abin da ke da mai shi shi ne kwalliyar da Jack Pierce ya yi wa dodon Frankenstein na Universal, mai shafaffen kai da ƙusoshi a wuya. Shi ya sa dodon fim ɗin Jesse James, wato Cal Bolder, aski kawai aka yi masa ƙwal, aka zana ɗinki ya zagaye kan. Na'urorin ɗakin gwajin masu tartsatsi kuwa na Kenneth Strickfaden ne, waɗanda ya yi wa Frankenstein na 1931, aka ɗauko haya. Hulunan dashen ƙwaƙwalwa hulunan kwanon soja ne da aka yi wa fenti ja da rawaya da kore. Matar da take ya kira 'yar Frankenstein ma, in ka saurari labarin, jikarsa ce.

A na Dracula, John Carradine ne, yana da kusan shekara 60, ya taɓa hawa wannan matsayi a 1944 da 1945. Dabaru uku ne kaf a fim ɗin: jemagen roba a kan waya ya shige bayan dutse ko keken doki sai Carradine ya fito, jar fitila a fuskarsa yana zare ido, da daren ƙarya da ya ƙi yin duhu, har mai shan jini ya riƙa yawo a abin da kowa ke gani rana ce. Wurin da aka fi tunawa shi ne cikin ramin azurfa: Billy ya zazzage masa harsashi bai ko gezau ba, da ya jefe shi da bindigar a fuska sai ya faɗi sumamme. A kalle shi don dariya da don koyon yadda ake ɗinke fim da tsumma, kada a je neman tsoro.

Ɗan Fagge ya rubuta:

Madalla, Allah ya ƙara sani. To ashe Amurka kaɗai ke yin su? Na ga wasu fastoci da rubutun Sifaniyanci, mahayi da fuskar ƙwarangwal. Kuma akwai masu ƙaton ƙadangaren nan na zamanin da, su ma suna cikin lissafi?

Maman Hanif ta rubuta:

Ɗan'uwa, Meziko ma ta fi Amurka yawan yin su, kuma a can abin ya fi zama daram, don suna da mahayin gargajiya nasu mai faffaɗar malafa, suna da tatsuniyoyin fatalwa irin ta La Llorona, matar da ke yawo tana kukan 'ya'yanta. Ba su buƙaci aro dodo daga Turai ba.

Sunan da za a riƙe shi ne Gastón Santos. Asalin sana'arsa wasa da bijimi a kan doki, don haka hawan da ake gani nasa ne, ba a biyan wani ya hau masa. El pantano de las ánimas na Rafael Baledón yana da dodon fadama mai kayan roba. El grito de la muerte na 1959, wanda Fernando Méndez ya ɗauka da kala, shi ne mafi kyau a cikinsu: tsohon gidan gona, akwatin gawa, wuƙa soke a fuskar agogon bango don tsare fatalwa. Méndez shi ne ya yi El vampiro a 1957, ya san yadda ake haska dogon soro da ƙarƙashin ƙasa. Wanda ba ya son a ɓata masa labari ya tsallake layi na gaba. A duka biyun dodon na bogi ne, mutane ne ke tsorata jama'a don su ci dukiya. Wannan tsohuwar dabara ce, tun Haunted Gold na John Wayne a 1932 ake yin ta, kuma dalilinta a fili yake: fatalwar ƙarya mayafi da fuskar roba kawai take ci, in ta yi kama da ta bogi ma labarin ya riga ya ba da uzuri. Shi Haunted Gold ɗin, kamfanin Warner sun yanko sukuwa da faɗa daga wani fim marar magana na jarumin kaboyi Ken Maynard na 1928, suka sa wa Wayne kaya irin nasa da farin doki irin nasa don kada a gane. Ana ganewa, domin tsohon hoton yana gudu fiye da sabon.

Mai fuskar ƙwarangwal da ka gani wataƙila El charro de las calaveras ne na Alfredo Salazar, 1965. Mahayi mai rufe fuska yana karawa da mutum-kerkeci, sannan mai shan jini, sannan mahayi marar kai, kowanne kashinsa daban na kusan rabin awa. Wannan rabuwa uku ta zama ruwan dare a ƙananan finafinan Meziko na lokacin, kuma rikicin ƙungiyoyin ƙwadago ne ya haife ta. Ƙungiyar STPC ce ke da ikon yin dogon fim, ta STIC an taƙaita ta ga gajeru da masu zuwa kashi-kashi. Ma'aikatan STIC sun fi araha, su ne ke sutudiyon América da aka buɗe a 1957. Sai furodusoshi suka riƙa ɗaukar kashi uku, kowanne da takensa, su liƙa su su kai silima a matsayin fim ɗaya. In ka ga take ya faɗo a tsakiyar fim, ko labari ya ƙare ya sake farawa bayan minti 25 ko 30, dalilin ke nan. Shi kam El charro ko wahalar rage haske bai cika yi ba, mai shan jininsa da rana ƙiri-ƙiri yake farauta. Akwai kuma El pueblo fantasma na Alfredo B. Crevenna, shi ma ɗan bindiga ne mai shan jini.

Gargaɗi ɗaya. Yawancin kwafin Ingilishi na finafinan Santos daga hannun K. Gordon Murray suka fito, wanda ya saye su ya ɗora musu murya a Florida don talabijin, kamar dai yadda ake yi wa finafinan Indiya fassarar Hausa. Masu ɗora muryar suna ƙoƙarin cika motsin baki ne, sai jimla ta yi tsawo ta koma shirme. Sunayen ma an canza: The Living Coffin shi ne El grito de la muerte. A nemi na Sifaniyanci mai fassara a rubuce a ƙasa.

Injiniya Na-Zariya ya rubuta:

Na ƙadangaren suna ciki, kuma guda biyu ne, dukansu daga tunanin mutum ɗaya, Willis O'Brien, wanda ya motsa mutum-mutumin ƙaton birin nan King Kong a 1933.

The Beast of Hollow Mountain na 1956 a Meziko aka ɗauke shi, Edward Nassour da Ismael Rodríguez suka ba da umarni, Guy Madison ne jarumi, da kala da faffaɗan allo na CinemaScope. Kowa ƙorafinsa ɗaya: awa guda ana rigimar shanu da soyayya, dodon bai fito ba sai wajen minti 20 na ƙarshe. Ga dalili. Ana motsa ɗan mutum-mutumin ne kaɗan, a ɗauki hoto ɗaya, a sake motsawa. Daƙiƙa ɗaya hoto 24, minti ɗaya 1,440. Ƙwararre yakan wuni ya samu 'yan daƙiƙoƙi. Kowane minti na dodo makonni ne na albashi, saboda haka a ɓoye shi, a cika fim da abin da ke da araha. Su Nassour sun gauraya hanyoyi uku: mutum-mutumi mai gaɓoɓin ƙarfe, jerin gumaka da aka sassaƙa kowanne da tsayuwarsa ana musanya su don nuna gudu, da mutum sanye da ƙafafun roba don hoton kusa. Ukun ba su yi kama da juna ba, girman dabbar yana canzawa daga hoto zuwa hoto, ga wani dogon harshe da ke ta karkaɗawa.

The Valley of Gwangi na 1969 ba ƙaramin fim ba ne kamar sauran, amma ya kamata a gan shi don a san yadda aikin yake in an kashe masa kuɗi. A Sifaniya aka ɗauka, Ray Harryhausen ya yi dabbobin. Tsarinsa: a fara ɗaukar mutane da dawaki a fili. A dawo sutudiyo a haska wannan hoton daga baya a kan ƙaramin allo, hoto ɗaya-ɗaya. A ajiye mutum-mutumin a kan tebur a gaban allon. Tsakaninsa da kyamara a kafa gilashi, a shafe ƙasansa da baƙin fenti don ya ɓoye teburin. A motsa a ɗauka har a gama. Sannan a mayar da zaren fim baya, a rufe saman, a buɗe ƙasan, a sake ɗaukar hoton bayan shi kaɗai. Sakamakon, dabbar tana tsaye a tsakiyar hoton, ƙasa a gabanta, dutse a bayanta. A wurin da kaboyi ke zarga mata igiya, sanda aka kafa a kan motar jif suka riƙa jifa, daga baya aka shafe motar, aka haɗa igiyoyin gaske da siraran wayoyi a wuyan mutum-mutumin, hoto bayan hoto. Watanni wannan wurin kaɗai ya ci. Duk da haka akwai aibi: hoton baya an sake ɗaukarsa ne, sai ya fi dabbar dishi-dishi, kuma launinta yana sauyawa tsakanin toka da shuɗi da shunayya.

A ɗaya gefen kuma akwai Teenage Monster na 1958, wanda Jacques Marquette ya ɗauka don kawai a samu na biyu a tikiti. Dodon "matashi" Gil Perkins ne, mai wasan kasada ɗan kimanin shekara 50, an lulluɓe shi da gashi. Wannan sai mai haƙuri.

Mai Majigi ya rubuta:

Hajiya Maman Hanif, na yarda Meziko ta fi yawa, amma ban yarda El grito ya kai na Italiya ba. Wanda ke son ya ji tsoro na gaske a fim ɗin kaboyi, E Dio disse a Caino na Antonio Margheriti zai nema, 1970. Klaus Kinski ya fito daga gidan yari bayan shekara 10 a kan laifin da bai yi ba, ya dawo ɗaukar fansa, kuma kusan duk fim ɗin a dare ɗaya ne na guguwa. Babu dodo ko ɗaya. Iska, ƙararrawar coci da ke bugawa ba a ga mai bugawa ba, ramukan ƙarƙashin gari da yake ɓullowa ta cikinsu, da ɗaki mai madubai. Margheriti daga finafinan tsofaffin gidajen fatalwa ya fito, ya san cewa gari ɗaya da titi ɗaya ana iya haska su da dare na gaske, in dai an haƙura da sukuwa a daji. Django il bastardo na Sergio Garrone, 1969, shi ma haka: Anthony Steffen yana kafa gicciye mai sunan mutum da ranar mutuwarsa tun mutumin yana raye, ba a kuma tabbatar maka ko shi mutum ne ko fatalwa ba. Dabarar ɓacewarsa yanka hoto ce kawai, ko wani ya gifta gaban kyamara.

Italiyawa suna da hanyoyin rage kuɗi guda biyu. Ba sa ɗaukar sauti a wurin aiki, kowa ya yi yarensa, a ɗora murya daga baya, don haka injin iska da janareto su yi ta ruri ba ruwan kowa. Sannan da yawa sun yi aiki da Techniscope, inda kowane hoto ke cin rami 2 na gefen zare maimakon 4. Ƙafa 45 ke nan a minti, naɗi ɗaya ya kai minti 22. Kuɗin zare ya ragu da rabi, amma da yake sai an faɗaɗa hoton kafin a buga kwafin silima, ƙwayoyinsa suna fitowa, musamman a wuraren duhu.

Maman Hanif ta rubuta:

Ai Malam, Kinski ba ya buƙatar kwalliya kafin ya ba da tsoro, wannan ba gasa ba ce ta adalci. Amma a gaya wa Ɗan Fagge gaskiya: na Turai na ƙarshen 1960 zuwa 1970 akwai zubar da jini sosai. Se sei vivo spara na Giulio Questi, 1967, hukumar Italiya ta janye shi jim kaɗan bayan fitowarsa aka yanke shi, Condenados a vivir na Sifaniya, 1972, ya fi shi ma. Ba na kallo da yara ba ne. Na Amurka da na Meziko da aka ambata a sama ba su da wannan matsalar.

Baban Ummi ya rubuta:

Saura maganar kwafi.

A fara duba siffar hoto. Beast of Hollow Mountain, Gwangi da na Italiya duk masu faɗi ne, Beast da yawancin na Italiya faɗinsu ya ninka tsayinsu sau 2.35. In ka ga sun cika allon tsohuwar talabijin mai kusurwa huɗu, an yanke kusan rabin hoton, za ka ga mutum yana magana da wanda ba ya nan. Na Amurka na 1959 da 1966 kuwa a cikakken hoto aka ɗauke su da niyyar majigin silima ya rufe sama da ƙasa. Tsofaffin kaset ba su rufe ba, shi ya sa wani lokaci ake hango makirufo ko saman bangon sutudiyo. Wannan ba laifin mai ɗauka ba ne.

Duhu da haske: daren ƙarya rabinsa a kyamara ake yi, rabi a ɗakin wanki, inda ake buga wurin da duhu. Masu juya fim zuwa kaset sukan ga wuri ya yi duhu su ƙara masa haske, sai dare ya koma la'asar. Wasu kuma kwafi ne na kwafi daga zaren milimita 16 na gidajen talabijin, kowane juyi yana cinye tsaka-tsakin launi har fuska ta nutse. Saboda haka wasu daga cikin laifin da ake ɗora wa su Beaudine na masu juyi ne, ko da yake gajimaren nasa ne.

Ja-ja da ka gani kuwa tsufan Eastmancolor ne. Rini uku ke cikin zaren, shuɗi-kore da rawaya suna riga koɗewa, ja-shunayya ya rage shi kaɗai. Rage kala a talabijin ba ya dawo da abin da ya tafi, sai kwafin da aka gyara daga asalin zaren kyamara.

A duba tsawon lokaci. Faifan Turai na tsarin PAL, irin wanda talabijin ɗin Najeriya ke bi, yana gudu hoto 25 a daƙiƙa maimakon 24, wato ƙarin kashi 4 cikin 100. Fim na minti 79 zai nuna kusan 76, murya ta ɗan sirance, amma ba a cire komai ba. In gibin ya kai minti 10 ko 20, yanka ne. Se sei vivo spara na Questi cikakkensa kusan awa biyu ne, gajerun kwafinsa an zubar da fiye da minti 20.

Kamfanin Kino Lorber sun fitar da Billy the Kid Versus Dracula a faifan Blu-ray a 2019, Curse of the Undead a 2020, duka da siffar silima. Na Jesse James kuwa kowane ƙaramin kamfani ya buga nasa, ingancinsu ya sha bamban. Kafin ka sauke kowanne, tsallaka zuwa wani wurin dare ka duba abu biyu: ana ganin idon ɗan wasa a ƙarƙashin malafa, kuma baƙin rigarsa ya rabu da baƙin bango? In a'a, nemi wani.